Ina Ibnul Haisam a cikin wannan labari?

Marubucin wani labari da na karanta a jarida ya ce zanen Turai na ƙarni na 15 a birnin Florence na Italiya ya tsiro, daga basirar Italiyawa da gadon Girka da Rum kaɗai. Wannan tsohon zance ne tun littafin Giorgio Vasari na 1550, ɗan yankin da ya zauna ya yi wa mutanensa kirari, kuma masu bincike sun daɗe da wuce nan. Dabarar fito da nesa da kusa a kan allo yadda ido ke gani, wadda masanin Italiya Alberti ya rubuta ƙa'idarta a 1435, ta jingina da ilimin gani na Ibnul Haisam, malamin da ya zauna a Alƙahira. An juya littafinsa zuwa Latin, Ghiberti, mai sassaƙa na Florence, shi ma ya ɗebo daga ciki sosai. Shuɗin nan mai tsada da ake shafa wa mayafin Nana Maryamu daga dutsen Badakshan na Afganistan ake niƙa shi. Dardumomin da ke zanen Holbein, mai zane Bajamushe, saƙar Turkiyya ce, har yau da sunansa ake kiran irinsu. A 1479 Venice ta tura mai zanenta Gentile Bellini Istambul, ya zana Sarki Muhammadu al-Fatih, hoton yana Landan yanzu. Mai cewa ba ruwanmu da zanen Turawa, ban yarda ba, hannun malaman Musulunci da masaƙansu na ciki. Gwanintar mai zane Leonardo da Vinci ba mai musunta, amma don me jarida za ta koyar da yaranmu rabin tarihin?