Garin da ya kwana a ƙarƙashin ruwa

'Yan uwa, kwana uku ke nan ina ta kallon hotunan wani gari a ƙasar Turkiyya, kuma abin ya ƙi barin raina. Sunansa Yusufeli, yana lardin Artvin, can arewa maso gabas, kusa da iyakar Jojiya. Idan ka je nemansa a inda yake shekaru kaɗan da suka wuce, ruwa za ka tarar shimfiɗe tsakanin duwatsu. Kasuwar, makarantun, lambunan da ke bakin kogi, duk suna ƙasa.

Yankin kwari ne mai zurfi, duwatsu tsirara sun tsaya dama da hagu kamar katanga, Kogin Coruh kuma, kafin a tare shi, yana gudu a tsakiya da ƙarfin gaske, har ya je ya zuba a Bahar Aswad kusa da birnin Batumi na Jojiya. Daga arewa tsaunukan Kackar ne, waɗanda ƙololuwarsu ta kusa mita 4,000, ƙanƙara na kwana a kansu har cikin watannin zafi. Amma can ƙasan kwarin akwai ɗumi, don duwatsun suna tare iskar sanyi. Shi ya sa a wannan lungu, inda mutum zai zaci sai ciyawar tumaki, ake noma shinkafa da zaitun da inabi da ɓaure da rumman.

A nan hankalina ya fi tsayawa. Mu da muka saba da fili, manomi ya tsaya a kan iyakar gonarsa ya hango ƙarshenta da ƙyar, ba lalle mu gane darajar taki ɗaya na ƙasa a irin wannan wuri ba. A can gona ginata ake yi. A jera duwatsu a gefen tsauni su zama matakala, a cika bayansu da ƙasa, a jawo ruwa daga rafi ta siririyar magudana da ke bin jikin dutse. Kaka ya fara, ɗa ya ƙara, jika ya gyara inda ya zube. Itacen zaitun kuwa ba ya sauri, wanda ya dasa shi sau da yawa 'ya'yansa ne ke cin moriyarsa sosai. Idan zafi ya shigo, iyalai su kwashi shanu su haura makiyayar kan tsauni da suke kira yayla, su yi watanni a can suna yin cuku da man shanu, masu zuma su kai amyoyinsu, kafin sanyi ya koro kowa ƙasa. Duk wanda ya san yadda Fulani ke tashi mashekari su dawo ya san irin wannan rayuwa, sai dai su hawa da sauka suke yi.

Kuma ƙasar tana da tarihi. A ƙarni na 10 tana hannun sarakunan Jojiya, a yankin da ake kira Tao-Klarjeti, kuma manyan majami'un dutse da suka gina a Barhal da Ishan da Dortkilise suna nan tsaye. Ta Barhal ma daga baya mutanen ƙauyen sun mayar da ita masallaci. A ƙarni na 16 Daular Usmaniyya ta karɓi yankin, Musulunci ya kafu. Shi kansa garin an sha sauya masa mazauni, ana cewa wannan ƙaura ita ce ta bakwai.

Madatsar ruwa ce ta kawo ta ƙarshen. Tsayinta mita 275, babu wadda ta kai ta a duk Turkiyya, an gina ta don samar da lantarki megawat 558. Shugaba Erdogan ya buɗe ta a watan Nuwamba na 2022, aka fara tare ruwa, cikin 2023 tsohon garin ya nutse mutane suna kallo daga saman tudu.

In an zo batun gaskiya, ba a watsar da su a titi ba. An gina sabon gari a sama, da gidaje da asibiti da makarantu da masallatai, an huda duwatsu an yi hanyoyi. An tono kaburbura an mayar da su sabuwar makabarta. Har itatuwan marmari aka cire da saiwarsu, aka ɗebi ƙasar noma a manyan motoci aka haura da ita. Ni da ke rubuta wannan da wayar da na caja a shagon mai janareta, ba ni da bakin raina wutar lantarki. Ƙasa mai masana'antu dole ta nemi wuta, kuma kogi mai gudu irin Coruh babu gwamnatin da za ta kawar da kai daga gare shi.

Amma wannan ɗibar ƙasa a mota ita ce ta fi taɓa ni, domin ta nuna su ma masu aikin sun san abin da ake asara. Gida ana auna shi, a ƙirga ɗakuna, a biya diyya. To ɗumin kwarin fa, wanda shi ya sa shinkafa ke nuna a can? Ruwan rafi da ke bi ta bayan gida? Tsohuwar da ta shekara sittin tana fita ƙofa ta tsinki inabi, yanzu tana bene hawa na uku tana kallon dutse da tafki, wa zai ce mata an biya ta? A ganina duk lissafin madatsa da ya tsaya a kan megawat da kuɗin gini, bai sa waɗannan a ciki ba, lissafi ne da aka yi shi rabi, kuma talakan ƙauye ne ke biyan ragowar.

Mu ma mun san wannan ɗacin. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Bussa ta tafi ƙarƙashin ruwa, aka kai mutanenta sabuwar Bussa, dubban masunta da manoma na tsibiran ƙasar Yawuri suka bar fadamunsu. A Bakolori kuwa, a 1980, manoman da suka tashi neman haƙƙin gonakinsu da harsashi aka amsa musu. Idan aka kwatanta, mutanen Yusufeli sun fi namu samun kulawa nesa ba kusa ba, kuma wannan ma abin kunya ne a gare mu. Duk da haka na ga dattawansu a bidiyo suna tsaye a bakin sabon titi, suna nuna wa jikoki da yatsa wani wuri a tsakiyar ruwa inda lambunsu yake, kusa da kan wata hasumiya da ruwan bai gama cinyewa ba a lokacin. Allah ya ba su haƙuri, ya sa itatuwan da aka haura da su su kama.