Yaro mai kaifin basira da kayan da muke ɗora masa

Iyayenmu na Makka da Jidda, akwai yaron da ake cewa "wannan ai ba shi da matsala". Ya haddace izu goma sa'o'insa ba su gama izu biyu ba, sai kowa ya ce masha Allah a wuce wurin. Ni a ganina shi ne aka fi bari da kayansa.

A gwajin basira na Wechsler, matsakaicin maki 100 ne, masu kai 130 kuwa, irin wannan yaron, kusan biyu ne cikin ɗari. A aji mai yara 30 da wuya ya sami wanda za su yi hira su fahimci juna. Tunaninsa ya yi gaba, zuciyarsa tana nan a shekarunsa. Yanzu zai tambaye ka ina rai ke zuwa bayan mutuwa, an jima ya fashe da kuka don an karya masa fensir. Sa'o'insa su ce iyayi gare shi, manya su kore shi.

A gida kuma mu ƙara masa. Shi ake miƙa wa waya ya duba Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, shi ke yi wa kaka tafinta a asibiti, ɗan shekara goma ya ji sunan cutar da ko babba sai ya girgiza. Ga "dubi ƙanenka" da ake yi wa yayyensa, har su tsane shi.

Yabon ma da illarsa. A binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998, yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi zaɓar aiki mai sauƙi, kuma da suka faɗi sau ɗaya sai ƙoƙarinsu ya ja baya, saɓanin waɗanda aka yaba wa himma. Wanda ya saba cin jarrabawa ba bita bai koyi yadda ake karatu ba. Ranar da darasi ya gagare shi, galibi a sakandare ko shekarar farko ta jami'a, sai ya ɗauka basirar ce ta ƙare.

Gidauniyar Mawhiba ta Saudiyya mai kula da yara masu basira, da aka kafa a 1999, tana da gwajin gano irin waɗannan yara tun daga aji uku na firamare. A tambayi makaranta sharuɗɗan shiga. Tsallake aji yana amfani, amma kada a yi shi don alfahari, a fara duba ko zai iya zama da waɗanda suka girme shi. A sa shi abin da bai iya ba, kamar iyo ko ƙwallo, ya saba da faɗuwa tun tana da araha.

Idan ciwon ciki ya zama na kowace safiyar makaranta, ko yana yaga takarda saboda kuskure ɗaya, ko barci ya ƙaurace masa fiye da mako biyu, kada a tsaya a "kambun baka ne". A yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita.