Nasiha ga Mai Gabatar da Shiri da Yake Shakkar Kansa

'Yan'uwana matasa masu gabatar da shirye-shiryen murya a intanet, waɗanda ake kira fodkas, akwai wata damuwa da take cin da yawa daga cikinku a ɓoye. Mutum zai tsara tambayoyinsa, ya jira a kawo wuta ya yi caji, ya bari sai dare ya raba unguwa ta yi tsit, ya naɗi hira ta minti 40, amma idan lokacin sakinta ya yi sai zuciya ta ce masa: “Kai wane ne? Wa ya aike ka? Ranar da masana suka ji ka, asirinka ya tonu.” Sai shirin ya kwana a cikin waya, kwana ya zama wata, har ya mutu ba wanda ya ji shi.

Wannan hali ba a kanku aka fara shi ba. A shekarar 1978 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun wallafa nazarin da suka yi a kan mata kimanin 150 da suka yi fice a karatu da aiki, suka tarar da yawansu suna ganin sa'a ce kawai ta kai su inda suke, kuma suna fargabar ranar da za a gane ba su cancanta ba. A wurinmu abin ya fi wuyar ganewa, domin yakan shigo ne da rigar kunya da tawali'u, halaye biyu da aka tarbiyyantar da mu a kansu. To amma tawali'u daban, raina kai daban. Mai tawali'u ya san abin da Allah Ya hore masa, yana gode Masa, yana amfanar da mutane da shi ba tare da tinƙaho ba, shi kuwa mai raina kansa musanta baiwar yake yi gaba ɗaya, ya hana jama'a cin moriyarta.

Ina ganin tushen matsalar shi ne rashin fahimtar matsayin mai gabatarwa. Ƙanena, ba a ɗora ka a kan buzun malami ba, ba kuma fatawa aka zo nema wurinka ba. Kai wakilin mai sauraro ne, wanda zai zauna gaban likita ko manomi ko 'yar kasuwa ya yi tambayar da dubban mutane suke son yi ba su samu dama ba. Rashin saninka, idan ka haɗa shi da shiri da ladabi, shi ne jarinka, domin wanda yake ganin ya riga ya sani ba ya yin tambaya mai kyau, kuma tun tuni aka ce matambayi ba ya ɓata. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da “ban sani ba”. Idan malamin Madina, wanda mazhabarsa ce ta yaɗu a ƙasashenmu, bai ga ƙasƙanci a cikin wannan kalma ba, me zai sa ka ji nauyin ce wa baƙonka, “Malam, ban gane nan ba, a ƙara mana bayani”?

Sai batun murya. Kusan kowa yakan ƙi muryarsa ranar da ya fara jin ta a naɗe, kuma akwai dalili: idan kana magana, sautin yana isa kunnenka ta iska da kuma ta ƙasusuwan kanka, shi ya sa kake jin ta da kauri, na'ura kuwa abin da ya bi iska kaɗai take ɗauka. Muryar da ta zame maka baƙuwa ita ce wadda mahaifiyarka da abokanka suka saba ji tun kana yaro. Abin da ya fi damuna ma shi ne masu jin kunyar karin harshensu. Basakkwace da Badamagare da ɗan zangon Kumasi kowannensu Hausa yake yi, kuma mutanen garinsa sun daɗe suna marmarin jin wani yana tattauna manyan al'amura da irin bakin da suke magana da shi a gida.

Kada kuma ka auna shirinka na uku da na Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957, yana da editoci da injiniyoyin sauti, alhali kai kaɗai ne mai bincike da gabatarwa da tace sauti. Idan ka duba ka ga mutum 60 ne suka saurara, ka ƙaddara su zaune a zauren gidanku sun yi shiru suna jin ka, sannan ka faɗa mini ko su kaɗan ne.

Ban ce ka kori shakka ɗungurungum ba. Akwai wadda take sa ka sake duba shekara ko adadi kafin ka furta, ka tabbatar da yadda ake kiran sunan baƙo, ka ƙi yaɗa maganin da ba ka ji daga bakin likita ba. Wannan amana ce, ka riƙe ta. Wadda take hana ka sakin aikin da ka riga ka tantance kuwa waswasi ce. Za ka bambance su da tambaya ɗaya: shin akwai takamaiman abin da zan gyara? Idan akwai, gyara shi yau. Idan babu, ka tura wa mutum biyu da ka yarda za su faɗa maka gaskiya, ka sa ranar saki, ka cika alkawari. In kuskure ya kuɓuce maka duk da haka, ka buɗe shiri na gaba da gyara shi, ka gode wa wanda ya ankarar da kai, sannan ka gabatar da baƙonka na ranar.