Mu kai 'ya'yanmu Yankari tun da sauran giwaye

Duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da yawon buɗe ido a Arewacin Nijeriya, hankalin masu jawabi yakan karkata ne ga baƙi daga Turai da Amurka, kamar dai gandun daji ba ya cika gandu sai an ga Bature rataye da kyamara a cikinsa. Ni ra'ayina ya sha bamban da wannan. Makomar Yankari tana hannun magidancin da ke Kano ko Gombe ko Azare ko Jos, wanda zai iya ɗaukar matarsa da 'ya'yansa a mota ya isa can a yini guda, ya kwana biyu, ya biya kuɗin shiga da na masauki, sannan ya sake komawa baɗi. Baƙon waje yana gudu da zarar ofishin jakadancin ƙasarsa ya fitar da gargaɗin tsaro, kuma yana iya shekara goma bai waiwayo ba, amma ɗan gida yana nan daram, domin ya san hanya, ya san mutane, ya kuma san yadda ake tambayar labari kafin a kama hanya.

Ga wanda bai san wurin ba, Yankari tana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kuma faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe ta ga jama'a a watan Disamba na 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta ta mayar da ita gandun ƙasa a 1991, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi da abarta. A cikinta ne ake samun ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a ƙasar nan, waɗanda ake ƙiyasta yawansu tsakanin 100 da 150, tare da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da dorina da kada, da tsirarun zakuna da ba kowa ke dacen ganinsu ba, da nau'o'in tsuntsaye fiye da 350. Raƙumin dawa da kyarkeci sun taɓa zama a wannan daji, yau babu ko ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da ya rage ɗin ma ba shi da tabbacin ɗorewa.

Abin da ke damuna shi ne irin zuwan da yawancinmu muke yi. Ana bari sai ranar yawon Sallah ko ranar sabuwar shekara, a cika motoci, a isa sansanin Wikki da azahar, a faɗa ruwa, a ci shinkafa, a ɗauki hotuna, a juyo gida kafin magariba. Ba na raina ruwan Wikki, domin maɓuɓɓuga ce mai ban mamaki, ruwanta garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kuma yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana, hunturu da bazara. Sai dai wanda ya shafe kilomita sama da 100 daga Bauchi, ya wuce Dindima, ya shiga ƙofar Mainamaji, ya yi kilomita kusan 40 na ƙarshe cikin kurmi, sannan bai ga komai ba sai wurin wanka da birran da ke fisge wa yara leda, to gaskiya ya yi asarar man motarsa. Su ma birran mu ne muka lalata su, domin tun da aka saba jefa musu biskit da ragowar abinci suka daina tsoron mutum, har suka koyi buɗe jaka da leƙa tagar ɗaki. A irin waɗannan ranaku kuma za ka ga an kunna amsa-kuwwa a tsakiyar daji, an bar robobin ruwa da ledoji a bakin maɓuɓɓuga, sannan a dawo ana ƙorafin cewa babu dabbobi a Yankari, alhali hayaniyarmu ce ta kore su.

Daji yana da lokacinsa. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi kuma dole su gangaro kwarin kogin Gaji domin shan ruwa, saboda haka a lokacin ne ake ganinsu cikin sauƙi. Da damina ciyawa takan fi mutum tsayi, ruwa yana ko'ina, garkuna sun warwatsu, wasu hanyoyin ma mota ba ta iya bi. Wannan yana nufin dogon hutun watan Agusta, wanda iyaye suka fi samun sukuni a cikinsa, shi ne mafi ƙarancin amfani ga mai son ganin namun daji, yayin da hutun Disamba da na Afrilu suka faɗo daidai kan gaɓa. A cikin yinin ma akwai zaɓi, domin da sanyin safiya da kuma bayan la'asar ne dabbobi ke motsi, da tsakar rana kuwa kowace ta nemi inuwa ta laɓe. Wanda bai kwana ba ya rasa fitar safe, kuma ita ce mafi albarka.

Ina ganin babban abin da yaro ke samu a irin wannan tafiya shi ne koyon haƙuri da lura. A gidan ajiye namun daji na cikin gari dabba tana cikin keji, ka zo ka same ta, ka wuce. A Yankari sai an kashe injin mota an yi shiru, jagora ya nuna sawun giwa a kan yashi, ya nuna reshen da ta karya da ɓawon itacen da ta ɓare, ya ce wannan kashin na daren jiya ne, saboda haka ba su yi nisa ba. Wani lokaci a gan su, wani lokaci a yini ba a gan su ba, kuma ya kamata a faɗa wa yara hakan tun daga gida domin kada su ɗauka an yaudare su. Yaron da ya taso yana jin labarin giwa da kura da gizo a tatsuniya, ko yake ganin dabbobin Kenya a talabijin, idan ya tsaya nesa kaɗan da garken ɓauna a ƙasar kakanninsa, akwai wani abu da ke zama a zuciyarsa wanda darasin aji ba ya iya dasawa. Alƙur'ani ma ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah Ya fari halitta, kuma ban ga inda magidanci zai cika wannan umarni da iyalinsa cikin sauƙi kamar a nan ba.

Akwai kuma tarihin mutane a cikin dajin, wanda masu gaggawa ba sa ko jin labarinsa. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da magabata suka sassaƙa a jikin dutse, akwai rijiyoyin Dukkey fiye da 100 da aka haƙa don tara ruwa, akwai kuma kufan matoyar ƙarfe inda maƙeran farko suka narka tama. Duk wanda ya kai ɗansa ya ga waɗannan, ya nuna masa cewa an yi sana'a da dabara a wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa.

Wani abu da ba a cika faɗa a fili ba shi ne cewa magidanta da yawa suna barin matansu da 'yan matansu a gida ne saboda cakuɗar da ake yi a wurin wanka. Wannan damuwa ce ta gaskiya a al'adarmu, kuma maganinta ba ya buƙatar kasafin miliyoyi. Idan masu kula da wurin suka ware sa'o'i na mata zalla a kowace rana, suka sa mata masu kula, suka gyara wurin sauya tufafi, na tabbata iyalan da ke zuwa za su ƙaru. Uwa ce ke yanke shawarar inda za a kai yara hutu a gidaje da dama, ko da maigida ne ke biyan kuɗin, kuma wurin da ba ta sake a cikinsa ba, ba za ta nemi a koma ba.

Yanzu bari in zo kan dalilin da ya sa nake cewa zuwanmu ya wuce shaƙatawa. Yankari ba ta da shinge, kuma ƙauyuka ne zagaye da ita. Giwaye sukan fito da kaka su shiga gonakin dawa da masara, kuma garke ɗaya yana iya cinye wahalar shekara a dare guda. Makiyayi yana ganin ciyawa kore shar a cikin gandu alhali shanunsa na rama a waje, mafarauci yana ganin nama, mai gawayi yana ganin itace. A gaya wa waɗannan mutane su haƙura domin amfanin ƙasa, alhali ba su taɓa ganin ko kwabo daga wurin ba, magana ce da ba ta shiga kunne. Ƙungiyar WCS mai kare namun daji, wadda ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014 kan tsaron gandun, ta taimaka wajen horar da masu gadin daji da tsara sintiri, ta kuma ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa sa ido kan zirga-zirgar giwaye suna sanar da manoma, kuma kashe giwaye domin haure ya ragu ƙwarai bayan 2015. An yi hakan ne da jini, domin akwai masu gadin da mafarauta suka kashe a bakin aiki. Amma tallafin waje yana da ranar ƙarewa. Abin da zai ɗore shi ne kuɗin da ke shigowa daga ƙofa a kowane mako, da kajin da masauki zai saya a ƙauyen da ke kusa, da zumar da baƙo zai saya a bakin hanya, da saurayin ƙauye da ya samu aikin jagora ya ajiye bindigar farauta.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wannan a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka ragu zuwa kusan 50 a 1996. Dabbobin suna yawo ne a tsakanin gonakin wake da gero, ba a cikin wani killataccen daji ba, amma da aka kafa ƙungiyar jagorori daga mutanen yankin, aka riƙa tallafa wa ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan rance, adadinsu ya haura 600. Sai dai harin da aka kai a can a watan Agustan 2020, wanda ya hallaka Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, ya tsayar da zuwan baƙin waje kusan gaba ɗaya, kuma a nan ne aka ga raunin dogaro da su kaɗai.

Na san za a ce mini ina maganar yawon daji a lokacin da hanyoyi ba su da aminci. Ban musa ba, kuma an samu rahotannin hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri a shekarun nan, don haka wajibi ne a tuntuɓi masu kula da wurin kafin a tashi, a yi tafiya da rana, kada kuma a shiga daji ba tare da jagora ba. Amma a tuna cewa Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama, Kamuku da ke Birnin Gwari gandun ƙasa ne, Falgore ta Jihar Kano ma gandun namun daji ce. Dajin da ma'aikata suka janye daga cikinsa, baƙi suka daina zuwa, hanyoyinsa suka toshe, ba ya daɗewa ba tare da wasu sun mamaye shi ba. Motocin iyalai da ke shiga Yankari suna fita su ne ke tilasta wa gwamnati gyara hanya da biyan masu gadi da ajiye jami'an tsaro.

Batun kuɗi kuwa, ban ce kowa zai iya ba, musamman da tsadar man fetur ta yanzu. Sai dai gidaje da yawa suna kashe abin da ya fi haka a anko da kayan biki na yini ɗaya, kuma iyalai biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su ɗauki bas guda, su tafi da abincinsu. Makarantun Islamiyya da na boko da ke kai ɗalibai ziyarar filin jirgin sama ko gidan rediyo su ma suna iya sa Yankari a jadawalinsu, ko kuma Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka saki raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. Abin da nake roƙon hukumar da ke kula da waɗannan wurare shi ne ta wallafa farashin shiga da na ɗaki da na motar zagaye a fili, da Hausa, tare da lambar da za a kira a ɗauka, ta kuma yi rangwame ga ɗalibai a ranakun da ba na biki ba, kuma a yi hakan tun kafin hutun Disamba, domin magidanci ba ya fita da iyali sai ya gama lissafinsa tun daga gida.