Haya Ce, Aro Ne, Ko Kyauta? Nasiha Ga Mai Gida Da Ɗan'uwansa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, akwai wata magana mai daɗin ji da ta raba gidaje da yawa a garin nan na Kano: "Haba, shiga kawai, ai gidanka ne." Da ita ake miƙa wa ƙane mukulli, ko ɗan yaya da zai yi aure, ko 'yar'uwar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Mai faɗa da kyakkyawar niyya ya faɗa, mai ji kuma ya yi godiya har da ƙwalla. Amma kowa ya tashi daga wajen da abin da ya fahimta. Mai gida yana nufin, shiga, in shekara ta zagayo ka kawo abin da ya sauwaƙa. Wanda ya shiga kuwa abin da kunnensa ya ji shi ne an ba shi wurin zama. Ba a ambaci kuɗi ba, ba a ambaci wa'adi ba, saboda kunya.

Shekara ta cika. Yaya ya ɗauki waya zai kira, ya duba sunan ƙanensa, ya ajiye. Ta biyu ta cika. Ga kuɗin makarantar yara, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 siminti da kwano da katako suka yi tashin gwauron zabi, ɗan ciki da falon da ya gina a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi don ya riƙa rage masa zafi bai kawo ko kwabo ba. Bai yi magana ba, amma zuciya ta fara ƙullata. Daga nan sai gaisuwa ta gajarce. A haɗu a wajen ɗaurin aure, a yi musabaha da yatsu uku, kowa ya kau da kai. Matansu su ɗauka, 'ya'yansu su gada. Ranar da maganar za ta fito kuwa, ba a cikin mutunci za ta fito ba, a gaban mai unguwa za a ji ta, ko ofishin Hisba, ko gaban alƙali.

Wannan kunyar ba ita ce kunyar da Manzon Allah (SAW) ya ce tana cikin imani ba. Kunyar da za ta hana ka faɗar gaskiya yau, ta sa ka yi shekara goma kana cin naman ɗan'uwanka a bayan idonsa, ba alheri a cikinta.

Ku duba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara. Ba a kan salla ta sauka ba, ba a kan azumi ba, a kan rubuta bashi ta sauka. Allah Ya ce kada mu ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba, tare da wa'adinsa, domin hakan ya fi adalci a wurinSa, ya fi tsayar da shaida, ya fi kusa da kawar da shakka. Su wa aka fara gaya wa? Sahabbai, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. To don me ni da kai za mu ce rubutu rashin yarda ne? Mutum yana mantuwa, mutum yana mutuwa. Ku biyun kun yarda da juna, na ji. Magadanku fa?

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi a duhu ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta kansa a Risala ta Ibn Abi Zaid: haya tana halatta idan an yanka mata wa'adi, an kuma ambaci kuɗinta. Sharaɗi biyu ne, kuma su ne daidai abin da muke jin nauyin faɗa idan ɗan'uwa ne a gabanmu. Littafin bai ce ban da ɗan'uwa ba.

Saboda haka tun ran gini ran zane. Kafin mukulli ya bar hannunka, ka yanke a zuciyarka, sannan ka faɗa da bakinka. Idan haya ce, ka ce haya ce, nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe. In za ka yi ragi ka yi shi a fili: "Mutanen waje dubu 400 suke biya, kai kawo 250." Idan aro ne don Allah, ka ce, "Na ara maka shekara biyu, ba ko sisi, bayan nan mu sake zama." Idan kuma kyauta ce ka mallaka masa gaba ɗaya, ka kira shaidu, ka miƙa takardu, don a mazhabarmu kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa. Dukkan ukun halal ne, dukkansu akwai lada. Abin da yake kawo fitina shi ne a bar magana a rataye.

A cikin takardar yarjejeniyar da za ku rubuta kada a manta da ƙananan abubuwa, don su ne suke kunna wutar. Ruwan Agusta ya sauka, kwano ya yi yoyo, silin ya jiƙe ya rufto a kan gadon yara: wa zai kira kafinta? Masai ya cika, wa zai biya masu yashewa? Bil ɗin wuta ya taru, wa ake bi? Ɗan'uwa ya sa tayil, ya haƙa rijiya, ya ƙara ɗaki a tsakar gida da kuɗinsa: za a cire daga kuɗin haya ne, ko ya yi ne don kansa? Wallahi da yawa daga cikin rigingimun nan a kan wannan ƙarin ɗakin suke tashi. Shekaru sun ja, mai gida ya rasu, 'ya'yansa sun zo rabon gado, sai 'ya'yan Baffa su ce, "Ai ubanmu ne ya gina nan, a nan aka haife mu."

A nan ne maganar hauzi take shigowa, wadda kotunan shari'ar Musulunci suke aiki da ita. Asalin hukuncin shi ne, wanda ya riƙe gida shekara 10 ana danganta shi gare shi, mai gidan yana gari, yana sane, bai ce komai ba, to da'awarsa bayan nan ba a sauraronta. Tsakanin dangi da surukai malamai sun tsawaita wa'adin sosai, ana kai shi shekara 40, saboda sun san 'yan'uwa suna yi wa juna kawaici. Kuma wanda aka tabbatar da haya ko aro ya shiga, daɗewa ba ta mayar da gidan nasa. Amma da me za a tabbatar idan waɗanda suka yi maganar duk suna kabari? Ɗan rasit ɗin da kake jin kunyar rubutawa yau, shi ne zai hana 'ya'yanka da 'ya'yan ƙanenka rantsuwa da Alƙur'ani a kan juna.

Yanzu gare ka mai gida. Karɓar kuɗin haya daga ɗan'uwa ba zunubi ba ne, kada kowa ya sa ka ji kamar ka yi abin kunya. Guminka ne, wataƙila ma da kuɗin sallamarka daga aiki ka gina. Amma ka sani Allah Ya buɗe maka ƙofar lada biyu, domin Annabi (SAW) ya ce sadaka ga miskini sadaka ce, ga ɗan'uwa kuwa biyu ce, sadaka da sada zumunci. Lokacin da Abu Ɗalha ya so ya ba da gonarsa ta Bairuha, dukiyar da ya fi ƙauna, Annabi (SAW) cewa ya yi ya sanya ta a cikin danginsa. Idan ɗan'uwanka ya shiga matsi na gaskiya, kasuwa ta karye masa ko albashi ya maƙale, aya ta 280 a Baƙara ta ce a jira shi har ya samu sauƙi, in kuma an yafe ya fi alheri.

Sai dai in ka yi ragi ko ka yafe, ka rufe bakinka. Babu abin da yake ƙona ladan irin wannan kamar gori. "Ba don ni ba da yanzu a titi kuke kwana." Ko uwargida ta shiga gidan ba sallama, ta buɗe tukunya ta ce, "Au, nama kuke ci, kuɗin haya kuwa shiru?" Allah Ya ce kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Wanda ya kama haya, ko ƙanenka ne uwa ɗaya uba ɗaya, gidan ya zama sirrinsa har wa'adi ya cika, ba ka shiga sai da izini. Kuma kada ka ɗauki bashin hayar da ya gagara karɓuwa ka ce ka lissafa shi a zakkarka, malamanmu sun ce hakan ba ya isarwa. Iyaye kuwa ba sa cikin wannan lissafi ko kaɗan: in ba su da hali kai kana da shi, matsuguninsu wajibi ne a kanka.

Kai kuma ɗan'uwa da kake zaune a gidan, ji tsoron Allah. Da gidan bare kake, da tun kafin wa'adi ya cika ka fara haɗa kuɗi, ka shiga adashe, ka sayar da abin sayarwa, don ka san notis zai zo. To me ya sa Yaya ne ƙarshen wanda kake tunawa da shi? Ka sauya waya, ka sauya babur, ka yi wa iyali ɗinkin Salla kala uku, shi kuwa ka ce ai ba ya rasa ba. Wa ya gaya maka ba ya rasa ba? Sau nawa mai rufin asiri yake kwana da damuwar da ba wanda ya sani? Hadisi ne a Buhari da Muslim: jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Shirun da ya yi maka don nauyin Hajiya ko tsoron surutun dangi, ba daɗin rai ba ne. In ba ka da shi, taka ka je da ƙafarka kafin ya nema: "Yaya, bana abin ya yi mini nauyi, ga rabi, a ƙara mini wata uku." Wannan kalma kaɗai tana wanke zuciya. In ya ce yana bukatar gidansa, zai aurar da ɗansa ko zai sayar, kada ka tara masa dangi ana cewa ya kori ɗan'uwansa. Ka nemi lokaci, ka gode masa a kan shekarun da ka yi.

Abin ya fi tsanani idan gidan gado ne da ba a raba ba. A cikin birni, irin su Yakasai da Mandawari da Ƙoƙi, sau da yawa za ka tarar ɗaya ya zauna a gidan, ko yana karɓar kuɗin shagunan ƙofar gida, alhali akwai mata da aka aurar, akwai marayu, kowa da rabonsa a ciki. Babban wa ba shi da ikon yafe haƙƙin maraya don ya kyautata wa wani. Yafe naka, na maraya kuwa a ƙiyasta a ajiye masa. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu.

Waɗanda kuma abin ya riga ya lalace a tsakaninsu, ba a gaisawa, ba a zuwa suna ko ta'aziyya, ku tuna Sayyidina Abubakar. Misɗahu ɗan'uwansa ne, shi yake ciyar da shi, amma ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba, sai aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana cewa a yafe a kau da kai, ashe ba kwa son Allah Ya gafarta muku? Nan take ya mayar masa da abin da yake ba shi. Abin da aka yi maka a kan kuɗin haya bai kai wannan ba. Ku nemi dattijo ɗaya da kuke jin nauyinsa ku biyun, Kawu ne ko limamin unguwa, ku zauna ba tare da mata da yara ba. A lissafa abin da ya wuce, a yafe abin da za a iya yafewa, sauran a yanka masa lokacin biya. Abin da ke gaba kuma a rubuta shi a takarda biyu, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa.