Yadda na zama Cif a majalisar mai shayi

Jama'a ni fa yanzu a layinmu ba wanda yake kirana da sunan yanka, daga yara har manya Cif ake ce min, kuma wallahi ni na jawo wa kaina.

Wani dare ne barci ya ƙi zuwa, zafi kamar a gasa gurasa a ɗakin, na ɗauko waya na shiga Netflix da akawun ɗin ƙanina (har yau bai san ina da lambar sirrinsa ba) sai na ci karo da wani shiri irin na binciken tarihi ɗin nan. Wai a 2008 aka gano wani tsohon jirgin ruwa a ƙasan teku wajen gabar Afirka ta Gabas, ya yi kusan shekara dubu biyu a nutse, maƙil da gumaka da zinare. Mai kayan wai wani bawa ne daga Antakiya da aka 'yanta ya kuɗance, sunansa Cif Amotan II. Ga masu nutso da tukunyar iska a bayansu, ga ƙugiya tana ɗago gumaka duk murjani ya manne musu, ga Turawa masu gilashi suna bayani a natse, ku kun san Bature in ya sa gilashi ya yi ƙasa da murya ko cewa ya yi kaza tana da haƙori sai ka fara tunanin ko kai ne baka duba da kyau ba. An ce wani mai fasaha ɗan Ingila, Damien Hirst, shi ya zuba kuɗin aikin. Ban kai ƙarshe ba waya ta mutu, dama tun magariba aka ɗauke wuta.

Da safe na kai caji, na ɗan leƙa hotunan kayan da aka baje a birnin Venis na Italiya a 2017, sai ga wani kai na zinare da zane-zane a fuska, sak kawunan Ife ɗin nan da muke gani a littafin tarihi tun muna sakandare. Nan fa na haɗa lissafi. Kan Ife a jirgi, mai jirgi kuma Cif, to wa ake ce wa Cif in ba mutanenmu na kudu ba? Jarida kullum Cif wane Cif wane. Shikenan na gama bincike, ko rubutun da ke ƙasan hoton ban karanta ba.

Bayan isha'i na isa teburin mai shayi da ƙafar dama. Na ce yau zan faɗa muku abin da ba a koyar da mu a makaranta ba, shekara dubu biyu da suka wuce akwai wani attajiri ɗan Najeriya da ya fi kowa kuɗi a duniya. Na ba da labari na ƙara gishiri, har da cewa matansa huɗu, wannan kam ni na ɗaura masa auren. Wani dattijo da muke ce wa Malam, tsohon hedimasta ne, ya kurɓi shayi ya ce, "Kai yaro, a lokacin ma akwai Najeriya ne?" Na ce Malam da idona na gani fa, ba ji na yi ba. Da musu ya yi zafi sai bakina ya kufce, na ce in ƙarya ne gobe shayi da burodi da ƙwan kowa a wuyana. Mu goma sha ɗaya ne a wajen. Mai shayi ya ce ya shaida, harda murmushinsa.

Washegari ɗiyar yayata ta zo hutu, a Zariya take karanta zane da sassaƙa, na ce yauwa ga mai tsaya min. Ina fara labarin ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Kawu dan Allah kada dai ka ce ka faɗa wa mutane."

Na ce me ya faru. Ta karɓi wayar ta nuno min wani hoto daga cikin kayan jirgin, wallahi Mickey Mouse ne, ɓeran katun ɗin yara, tsaye da kunnuwansa murjani ya lulluɓe shi. Ta ce Kawu wannan ma na shekara dubu biyun ne? Na ce to ai ƙila da can ma akwai ɓeraye masu wando. Ta ce duk kayan nan, guda 189, shi Hirst ɗin ne ya sa ma'aikatansa suka ƙera, murjanin ma na jabu ne, wasu aka kai teku aka nutsar aka kuma tsamo a gaban kyamara, a cikin kayan da aka ƙera kuma harda wani ƙaton aljani marar kai mai tsawon mita 18 riƙe da kwano. Sunan jirgin Apistos, da Girkanci yana nufin abin da ba zai yardu ba. Shi kuma Cif ɗina, in ka hautsina haruffan sunansa da Turanci sai su ba ka jimlar da ke cewa "ni ƙagagge ne". Wato mutumin nan tun daga sunansa yake min gargaɗi ni kuma ina can ina nema masa gari a jihar Osun.

Na ce to kan Ife fa? Nan ta daina dariya. Ta ce na gaskiyar a 1938 aka tono da yawansu a Ife wajen haƙa harsashin gini, kuma ƙirar wajen ƙarni na 14 ce, to ta yaya za su hau jirgin da ya nutse fiye da shekara dubu kafin a ƙera su. Kwaikwaya Hirst ya yi, har wani mai zane ɗan Najeriya, Victor Ehikhamenor, ya fito ya yi ƙorafi a lokacin cewa gobe yara za su ga kan nan su ɗauka na Bature ne. Dama tun 1910 wani Bajamushe Leo Frobenius ya ga irin kan ya ce ai baƙar fata ba za su iya wannan ba, sai dai mutanen wata ɓatacciyar ƙasa Atlantis. Wannan kam ya ba ni haushi sosai, na fara faɗa ina cewa mutum ya ga abu bai bincika ba ya hau surutu, sai na ga tana kallona, na yi shiru.

Da dare na so in yi ciwon kai, uwargida ta ce alkawari kaya ne, tashi. Na tarar mutum goma sha ɗaya sun zama goma sha tara, har da wani mai gadi da ban taɓa gani ba, shi ƙwai uku ya sa aka soya masa. Malam ya miƙe tsaye ya cire hula ya ce, "Ran Cif ya daɗe, ya aka baro teku?"

Har yanzu mai shayi yana bina sauran kuɗi, a littafin bashinsa ma Cif II ya rubuta.