Kebul ɗin SYNC ba shi ke zaɓen MASTER ba

Da yawa daga masu haɗa fayawol (na'urar tsaron hanyar sadarwa) biyu a manhajar pfSense ko OPNsense don ɗaya ta karɓi aiki idan ɗayar ta mutu, da zarar sun ga duka na'urorin suna nuna MASTER (mai riƙe da ragama), sai su ruga kan kebul ɗin SYNC da ke haɗa su. Ba nan gizo ke saƙa ba. Kebul ɗin yana ɗauke da pfsync ne (bayanan haɗin da ke gudana) da kwafin saituna, domin haɗin masu amfani kada ya tsinke idan an yi sauyi.

Sanarwar CARP kuwa, wato tsarin da ke zaɓen MASTER, tana fita ne ta kowace ƙofa mai ɗauke da adireshin bai-ɗaya, WAN (ta waje) da LAN (ta cikin gida) kowacce da tata. MASTER na aika ta duk daƙiƙa 1 zuwa 224.0.0.18, da furotokol mai lamba 112. Idan BACKUP, wato na'urar da ke jiran ko-ta-kwana, ta yi kusan daƙiƙa 3 ba ta ji ba, sai ta ɗauka abokiyarta ta mutu, ta karɓi ragama. Shi ke nan, sarki biyu a gari ɗaya.

Don haka a hau na'ura ta biyu a buga umarnin sauraron saƙonni, tcpdump -ni igb0 proto 112, a sauya igb0 da sunan ƙofar da ake zargi. In ba a ga saƙon na'ura ta farko ba, sai a zargi swic ɗin da ke tsakaninsu: VLAN (rukunin da swic ya sa ƙofar) ya bambanta, ko IGMP snooping (tace saƙonnin rukuni da swic ke yi) na haɗiye saƙon. In kuwa saƙon na isowa amma ana watsi da shi, a kwatanta VHID (lambar rukunin CARP) da kalmar sirri a ɓangarorin biyu. Wani lokacin ma wata rauta ce mai VRRP (wani tsari makamancin CARP) ta riƙe lamba ɗaya da VHID ɗin, sai su yi karo, tunda CARP da VRRP adireshin MAC (lambar shaidar ƙofa) iri ɗaya suke ƙirƙira.